Rumfar Tuwo A Minjibir Da Baƙin Da Ke Cikin Miyarta

 Wannan mako ina so ku ɗaura mayafi mu tafi Minjibir, arewa maso gabas da birnin Kano, mu ci tuwo. Kada ku ce tuwo ai tuwo ne, ko'ina akwai shi. Ku biyo ni tukuna.

Tun daga hanya za ki gane irin abincin da za ki tarar. Ƙasar nan babu daji a cikinta, gona ce ta kama gona, gida na hangen gida. Dawa da gero da wake da gyaɗa duk a gona guda ake shuka su, ana kuwa ciyar da ƙasar da taki kowace shekara. A tsakiyar gonakin ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, manomi ba ya sare su domin ya san miyar gidansa a kansu take. Can wajen Wasai kuma akwai madatsar ruwa da aka yi a kan kogin Jakara a 1976, inda ake kamun kifi, ana noman rani na tumatir da tattasai da albasa. Garin kansa tun da an san shi da masaƙa.

To, in kin isa, kada ki nemi gidan abinci mai kujeru da allo a ƙofa. Ki nemi rumfar mai tuwo, irin wadda 'yan unguwa ke ci. Ki gaishe ta, ki ce, "Inna, sannu da aiki, a zubo mini na dawa da miyar kuka." Za ta ce, "Sannu 'yar nan, a sa man shanu?" Ki ce a sa. Loma ɗaya za ki ji bambanci, asirinsa kuwa daddawa ce. Kalwa ake dafawa ta yi laushi, a surfe ta, a wanke, a sāke dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta tashi, sannan a kirɓa a shanya. Aikin kwanaki ne domin ɗanɗanon tukunya guda.

Amma ki leƙa tukunyar miyar taushe da ke gefe, ki ƙirga abin da ke ciki: kabewa, tumatir, tattasai, barkono. Kin san duk baƙi ne? Asalinsu nahiyar Amurka, ƙasar Meksiko kuwa tana cikin wuraren da aka fara nomansu. Masara ma a kudancin Meksiko aka fara noma ta, shekaru wajen 9,000 da suka wuce. Sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492 jiragen ruwan Turawa suka watsa irin cikin duniya, har ya iso mana. Sunan tumatir kansa daga harshen mutanen Meksiko na dā ya samo tushe. Ashe mu da matan can dangin tukunya ne ba mu sani ba.

Su ma suna da irin rumfar nan, suna kiranta fonda, watau ƙaramin gidan abinci na unguwa, galibi mace ce ke riƙe da shi. Abincinsu kuma kowane lardi da nasa, kamar yadda tuwon Kano ya bambanta da na Zazzau. Mutanen arewacinsu gurasar alkama da naman sa suka fi ci. Na Berakurus, a bakin teku, kifi da miyar tumatir. Na Wahaka kuwa sun yi suna da wata miya mai kauri da ake kira mole, wadda ake haɗa barkono iri-iri da kayan ƙamshi, wata har da cakulan. Suna da tamal, ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawonta a turara kamar alala. Suna da atole, ɗan'uwan kokonmu. Suna shan ruwan tsamiya, suna shan zoɓo ƙwarai, har ma busasshen zoɓon da ake nomawa a Kano da Jigawa, Meksiko tana cikin manyan masu sayensa.

Akwai wata dabara tasu da ya kamata kowace uwar gida ta sani. Ba sa niƙa masara haka kawai. Sai sun dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka, ta kwana a jiƙe, su wanke, sannan su markaɗa su yi 'yar gurasarsu da ake kira tortiya. Wannan aiki yana fito da wani sinadari mai gina jiki da ke ɗaure cikin ƙwayar. Mutanen Italiya da na kudancin ƙasar Amurka sun karɓi masara ba su karɓi dabarar ba, talakawansu suka dogara da ita kaɗai, sai wata cuta mai suna felagira ta kama su, mai ɓata fata da kawo zawo. Yau da tuwon masara ya yawaita a gidajenmu, ki tuna da wannan. Kada yaranki su wuni kan masara tsura. Ki haɗa musu da gyaɗa, da wake, da ɗan kifi in Allah ya hore.

Ga abin da ya sa na kawo ku nan. Matan Meksiko ba su ji kunyar girkin kakanninsu ba, suka riƙe shi da kyau, har a 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. Mu kuwa yarinya ta gama makaranta, ta iya taliya da dunƙulen ɗanɗano na kanti, amma ba ta san yawan kanwar da ake sa wa ɗanwake ba, tana toshe hanci in an buɗe daddawa. Baƙon abu ba laifi ba ne, ai tumatir ma baƙo ne, mun karɓe shi ya zama ɗan gida. Laifin shi ne baƙo ya shigo a kori mai gida. Ranar da masu yin daddawa suka ƙare, ba littafin da zai mayar mana da hannunsu, ɗorawar gona kuma ta zama itacen wuta.

Saboda haka, ku 'yan makaranta, ga aikin hutu. Kowacce ta sami littafin rubutu, ta zauna gaban kakarta ko gwaggonta, ta tambayi yadda ake miya guda ɗaya tun daga farko har saukewa, ta rubuta, sannan ta girka da hannunta a gabansu su gyara mata. Ku kuma iyayen gida, in kun je cefane ku sayi daddawar ƙauye, domin mai yinta ta sami ƙarfin ci gaba. Wadda ta rubuta nata ta aiko wa wannan fili, mu karanta tare.

Allah ya albarkaci tukwanenmu, amin. Sai mako mai zuwa.