Sakamakon rumfarku yana intanet, amma za ka iya lissafa shi?

1/ Za ku ji kalmar zaɓe da yawa a zaren nan, amma ba kamfe na zo yi wa kowa ba. Magana ce kan wani ɗan abu da muke rainawa a ajin kwamfuta: jadawalin da za ka iya bincike a cikinsa, ka kuma jera shi yadda ka ga dama. Ku biyo ni 🧵

2/ Ni ɗan Kiru ne, ina aji uku a jami'a, kimiyyar kwamfuta nake karanta. Yankinmu kujeru biyu gare shi a majalisar wakilai: Kiru/Bebeji da Doguwa/Tudun Wada. Wanda ya ga 2023 ya san lissafin ƙuri'a a nan ba abin wasa ba ne. Na Doguwa/Tudun Wada sai da aka je ƙarashen zaɓe ranar 15 ga Afrilu.

3/ Tun 2020 INEC ta buɗe shafin IReV. Idan aka gama ƙirga a rumfa, jami'i ya cike takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS a ɗora. Wannan ci gaba ne babba. A da in ba ka tsaya a rumfa ba, sai abin da aka faɗa maka.

4/ To amma ka lura da kalmar: HOTO. Idonka yana ganin lambobi a jikin takardar, kwamfuta kuwa ɗigo-ɗigon launi kawai take gani. Ba za ka ce mata "tara min na mazaɓar Dangora" ba. Sai ka buɗe rumfa ɗaya, ka zuƙo hoton, ka rubuta a littafi, ka koma baya, ka buɗe ta gaba.

5/ Rumfunan zaɓe a Najeriya 176,846 ne. Kano kaɗai tana da 11,222, a mazaɓu 484 na ƙananan hukumomi 44. Wa ke da data da haƙurin buɗe su ɗaya bayan ɗaya? Shi ya sa a guruf ɗinmu na WhatsApp musu ba ya ƙarewa. Kowa ya turo hoton rumfar da nasa ya ci, ya ce ga hujja 😅

6/ Da aka ce kowa ya zaɓi aikin da zai gabatar a kwas ɗin gina manhajar intanet, sai na ɗauki wannan. Ni da abokaina biyu muka zauna muna kwafe lambobin rumfunan mazaɓarmu daga hotuna zuwa rumbun bayanai. Kowace rumfa layi ɗaya: lambarta, sunanta, mutanen da aka tantance, ƙuri'un kowace jam'iyya, da waɗanda suka lalace.

7/ Nuna jadawalin a shafi shi ne mafi sauƙi. Akwai DataTables, kyauta ne, layi kaɗan za ka rubuta ya ba ka akwatin bincike da kibiyar jerawa a saman kowane sashe. Cikin yamma ɗaya ka gama. Wahalar tana cikin bayanan kansu, kuma a nan ne yankinmu ya koya min abin da babu a littafin aji.

8/ Na farko, rubutun suna. Wani ya rubuta Kiru, wani Ƙiru. Dangora, Ɗangora. Hedikwatar Doguwa wani ya ce Riruwai, wani Ririwai. Tudun Wada, Tudunwada, T/Wada. A wajenka duk ɗaya ne. A wajen kwamfuta k daban, ƙ daban, kamar yadda a da z suke daban.

9/ Ma'ana, mutum ya rubuta "Dangora" a akwatin bincike, a rumbu kuma "Ɗangora" aka ajiye, sai shafi ya ce babu sakamako. Shi kuwa ba zai ce matsalar harafi ba ce. Cewa zai yi an ɓoye na garinsu. Ka ga yadda ƙugiya ɗaya a kan d za ta iya haifar da jita-jita?

10/ Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci ɗigonsu ba ta aiki a kan ɓ, ɗ, ƙ, domin a tsarin Unicode kowannensu harafi ne mai zaman kansa. Sai na yi wani ɓoyayyen sashe: kowane suna a mayar da shi ƙananan baƙaƙe, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, a cire tazara. Bincike a can yake dubawa, ido kuma yana ganin rubutun daidai.

11/ Haka wajen jerawa. In ka bar kwamfuta ta jera da lambar harafi zalla, duk sunan da ya fara da Ƙ ko Ɗ sai ya faɗa ƙasan Z, can ƙarshen jadawali inda ba mai zuwa. A JavaScript ka yi amfani da localeCompare, sai Ƙ ta dawo kusa da K inda ɗan firamare zai neme ta.

12/ Na biyu, suna ba shaida ba ne. Tudun Wada nawa ka sani? Akwai tamu ta Dankadai, akwai ta cikin birnin Kano, akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna. Rumfa mai suna "Ƙofar Mai Unguwa" ko "Firamare" kuwa kusan kowane gari akwai. Don haka kowane layi da lambar INEC muke gane shi: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, rumfa. Ta Kano da 19 take farawa.

13/ Na uku, lamba a ajiye ta a matsayin lamba. In ka ajiye ƙuri'u a matsayin rubutu, jerawa za ta ba ka 1, 10, 100, sannan 2. Rumfa mai ƙuri'a 95 sai ta hau kan mai 300, don 9 ta fi 3. Wanda bai san dalili ba, hoton allon zai ɗauka ya watsa ya ce an yi maguɗi.

14/ Na huɗu, netwok. Wanda ke zaune a Kano da wifi daban, wanda ke Falgore ko Yaryasa da ƙaramar waya da data ta naira ɗari biyu daban. Kada ka turo masa duk jadawalin lokaci ɗaya. Bari sabar ta yi aikin: ORDER BY ta jera, LIMIT ta yanko layi 25, in ya danna "gaba" a kawo wasu.

15/ Kuma allon waya siriri ne. Sashe goma ba za su shiga ba. Na bar sunan rumfa a kafe a gefen hagu, sauran su riƙa zamewa, don kada mutum ya ja allo ya manta layin wa yake karantawa.

16/ Yanzu ga inda abin ya yi min daɗi. Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 51, ta ce in ƙuri'un da aka kaɗa a rumfa sun fi yawan waɗanda aka tantance, a soke sakamakon wannan rumfa. A hoto, sai ka yi lissafin nan da hannu sau ɗari. A jadawali sashe ɗaya ne: jimilla a debe waɗanda aka tantance. Danna kibiya, duk inda lissafi bai hau ba ya taso sama.

17/ Na nuna wa wani kawuna da ya sha zama wakilin jam'iyya a rumfa. Bai tambaye ni wa ya ci ba, ya riga ya sani. Cewa ya yi, "Ɗana, nemo min tamu." Na rubuta haruffa uku ta fito. Ya ce, "To ina takardar? Na sa hannu a kanta." Wannan tambayar ta sa kowane layi yanzu yana da maɓallin da zai kai ka ga ainihin hoton.

18/ Domin jadawali mai kyan gani yana sa mutum ya yarda da sauri, ko da ƙarya ce a ciki. Rubutun hannu wani lokaci 1 kamar 7. Shi ya sa kowace takarda mutum biyu ke kwafewa daban-daban, in suka saɓa a koma hoton. Wadda ba ta karantuwa mu rubuta "ba ta karantuwa", ba ma cike gurbi da zato.

19/ Kuma mu san iyakarmu. Kotun Ƙoli a hukuncinta na Oktoban 2023 ta ce IReV wurin duba sakamako ne, ba wurin tattara shi ba. Balle jadawalin ɗalibi. Ba ya ayyana wanda ya ci. Abin da yake yi shi ne ya mayar da "wallahi an ce" zuwa "rumfa kaza, layi kaza, zo mu duba".

20/ Gargaɗi ga masu koyon gina manhaja irina: ba komai ake sa wa akwatin bincike ba. Sakamakon rumfa na jama'a ne. Jerin sunayen ɗalibai da lambar waya da NIN ba na jama'a ba ne, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Sauƙin da ka yi wa mai nema, ɗan damfara ma ya samu.

21/ Wannan dabarar ba ta zaɓe kaɗai ba ce. Farashin masara da shinkafa a kasuwanninmu mako-mako, jerin ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafin kuɗi, makarantu da yawan malamansu. Yawancinsu suna nan a PDF ko hoto, suna jiran wanda zai zauna ya mayar da su layi-layi.

22/ Don haka 'yan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da ke karatun kwamfuta ko lissafi: kowa ya ɗauki mazaɓarsa ɗaya. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba, ko Google Sheets ka iya ya isa, kuma mutum biyu ake so a kowace takarda. Mai sha'awa ya ajiye sunan mazaɓarsa a ƙasa, zan turo tsarin sassan da muke amfani da shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya 🙏