Kashin Tumatir

Tun daga aji huɗu na firamare, inda manhajar 2019 ta Gana ta fara darasin kwamfuta, ƙanwata ke gaba da shi. A ajinsu a Nima allo ne da alli kawai, sai ta yanke cewa karatun 'ya'yan East Legon ne. Ga jarrabawar BECE ta ƙarato.

Wata Asabar a rumfar Mma a Kasuwar Malam Atta, na ji tana koya wa sabuwar yarinya kasa tumatir: "Fara fid da ruɓaɓɓu. In babba ne, dama. In ƙarami ne, hagu. Mai laushi na masu waakye ne. Maimaita har akwatin ya ƙare."

Na ce, "Ai wannan malaminku ke kira algoridim: mataki, sharaɗi, maimaici."

Ta harare ni. "Yaya, kar ka raina mini hankali."

Da dare na tarar ta zana matakan a bayan littafinta, da akwatuna da kibau. Har yau ba ta taɓa kwamfutar makaranta ba, kuma abin na ci mini tuwo a ƙwarya. Amma ta daina cewa karatun ba nata ba ne.