Kawunan sarakuna na dutse

A tsakiyar birnin Pari, cikin wani tsibiri na kogin Sen, akwai wata babbar majami'a da ake kira Notur Dam. An soma gina ta a shekarar 1163. Bisa ƙofofinta uku na gaba, masu sassaƙa sun jera mutum-mutumi 28 na dutse, kowane ya fi mita 3 tsawo. Siffofin sarakunan Yahuza ne, waɗanda labarinsu yake cikin littafin Kirista.

A 1793, lokacin juyin juya hali, mutanen Faransa sun kashe sarkinsu. Da suka ga waɗannan siffofi da hulunan sarauta, sai suka ɗauka sarakunan Faransa ne. Aka tuge su ƙasa, aka sare kawunansu. Duwatsun suka zauna tsibi gaban majami'ar, daga baya aka sayar da su kamar kowane dutsen gini. Daga nan babu wanda ya sake jin labarinsu.

Sai a 1977, ma'aikata suna haƙa a farfajiyar wani banki, suka tarar da gutsattsari 364, ciki har da kawuna 21. Wanda ya binne su bai watsar da su ba, jera su ya yi a natse.

Yanzu suna gidan kayan tarihi na Kuluni, can na gan su. Galibinsu ba hanci. Wani rabin fuskarsa ya tafi, wani gemunsa kaɗai ya tsira. Amma in ka matsa kusa, za ka ga sauran ja a leɓe da kumatu, da ɗan baƙi a gira. Ashe sarakunan nan fenti gare su! Mai kallon majami'ar yau yana zaton tun asali fari fat take, kamar ƙashi. Ƙasa ce ta ɓoye launin daga ruwa da rana har shekara 180.

A ƙarni na 19, magini Biyole-lu-Duk ya sa an sassaƙa sabbin sarakuna, an mai da su gurbin na da. Suna da kyau, hancinsu lafiya lau. Ni dai na fi son karyayyun, don su ne hannun masu sassaƙa na farko ya taɓa, wajen shekarar 1220.

Bayan gobarar 15 ga Afrilu 2019, masu binciken tarihi sun haƙa ƙarƙashin daɓen majami'ar. A 2022 suka fiddo gutsattsari fiye da 1000 na wata katanga mai ado da aka rushe a farkon ƙarni na 18: hannuwa, fuskoki, ganyaye. Da yawansu suna da shuɗi da ja da ruwan zinariya. An ba kowane lambarsa, an ɗauki hotonsa, don a gane wane hannu ne na wace kafaɗa.