Ƙofar Aji a Watan Buronya: Amurka da Arewacin Ghana

Duk malamin makaranta a Salaga ko Yendi ko Bawku da ke leƙa Facebook ko TikTok a watan Disamba ya san hotunan nan na makarantun Amurka. An lulluɓe ƙofar aji da takarda ja ko shuɗiya tun daga sama har ƙasa, an manna auduga a matsayin dusar ƙanƙara, ga mutum-mutumin ƙanƙara da hula da hancin karas, ga barewar ƙasashen sanyi tana jan keken Baba Kirsimeti, ga sunayen 'yan aji a jikin safa da aka yanka da kwali. A makarantu da yawa gasa ake yi, aji da aji, har da alƙalai da kyauta. Abin yana da ban sha'awa, kuma ba laifi ba ne malami ya ce ina ma a ce ƙofar ajinsa ce. Sai dai wannan ado magani ne da Amurkawa suka haɗa wa ciwon da ke damunsu, kuma ciwon arewacin Ghana daban ne. Abin da ya cancanci aro a ciki shi ne miƙa wa yara ƙofar su yi mata ado da hannunsu. Ƙanƙarar da barewar kuwa a bar wa masu su.

A lura da abin da ba a cika gani ba a ƙofofin makarantun gwamnati na Amurka: haihuwar Annabi Isa, wadda ita ce dalilin bikin gaba ɗaya. Wannan ba mantuwa ba ce. A 1962 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana hukuma tsara addu'a a makarantun gwamnati, a 1963 ta hana buɗe darasi da karatun Baibul. A 1984, a shari'ar garin Pawtucket, ta yarda a kafa siffar komin da aka kwantar da jaririn a wurin adon gari, bisa hujjar cewa yana tsakiyar Baba Kirsimeti da barewa da bishiya, saboda haka bai tsaya a matsayin wa'azi ba. A 1989 kuma, a Pittsburgh, ta ce komin da aka ajiye shi kaɗai a cikin ginin kotu ya saɓa wa tsarin mulki. Shugabannin makarantu sun ɗauki darasi: a gaban iyaye Kirista da Yahudawa da Musulmi da marasa addini, hanya mafi sauƙi ita ce a yi bikin sanyi maimakon bikin addini, har hutun ma makarantu da dama suka koma kiransa hutun lokacin sanyi. Ginin ma ya taimaka. Azuzuwansu suna buɗewa ne cikin dogon zaure rufaffe mai ɗumi, inda iska ba ta shiga, don haka ƙofa ita ce fuskar aji, kuma takarda na iya yin wata guda ba ta yage ba.

A arewacin Ghana makaranta ba ta ɓoye addininta, sunanta ma yana faɗa. Akwai ta Katolika, ta Presbyterian, ta Methodist, ta Anglican, ta Ahmadiyya, da waɗanda ake kira na Turanci da Larabci, kuma gwamnati ce ke biyan malaman mafi yawansu. Tun 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da sassan mishan. Tarihi ne ya gina hakan. Salaga, babbar kasuwar goron Gwanja da fataken Kano da Katsina suka yi ta zarya a kanta, cike take da makarantun allo da zaurukan ilimi tun kafin Bature ya taka ta. A can Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya karantar kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Limaman Katolika sun iso Navrongo a 1906 daga Wagadugu, makarantar gwamnati ta farko a Tamale kuwa sai 1909. Boko ya tarar da addini zaune, kuma da taimakon masu addini ya yaɗu. A yau ɗan firamare yana da darasin addini da tarbiyya wanda ke koya masa Kiristanci da Musulunci da addinin gargajiya a littafi ɗaya, kowanne da bukukuwansa. Ƙasa tana hutun Kirsimeti, tana kuma hutun sallah ƙarama da babba tun zamanin Shugaba Rawlings. Inda Amurka ta samu zaman lafiya ta hanyar share sunan kowa daga bango, Ghana ta nemi nata ta hanyar kiran kowa da sunansa.

Shi ya sa murnar ƙarshen zangon karatu a nan ba a bango take ba, a kwano take. Ranar rufe makaranta, wadda yaran Ghana ke kira “Awa De”, wato ranarmu, yara kan zo da dafa-duka ko wake da shinkafa, da biskit da lemon kwalba, a zauna a ci tare, a saka kiɗa, a karɓi sakamakon jarrabawa. Ana yin ta a ƙarshen kowane zango, amma ta Disamba ta fi armashi saboda tana jingine da Kirsimeti, wadda har mazauna unguwannin zango ke kira Buronya da harshen Asante. Yaro Musulmi ya ci daga kwanon Kirista, Kirista ya ci daga nasa, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa aƙida. Ƙofa kuwa ba ta da wannan matsayi, kuma dalilin a fili yake. Azuzuwa a jere suke, kowanne yana kallon baranda da filin Allah, a daidai lokacin da hunturu ke bugawa da ƙura. Takardar da aka manna da safe, kafin azahar iska ta ɗaga ta, abin da ya rage awaki su ƙarasa. A ƙauyukan da ke kewaye da waɗannan garuruwa har yanzu akwai azuzuwan gindin bishiya, waɗanda ba su da ƙofar da za a yi wa ado.

Wani zai ce wannan tsawaita magana ce a kan wasan yara: a bar su su manna audugarsu su yi dariya. Gaskiya ne dariyar yaro ba ta buƙatar hujja. Amma bangon makaranta littafi ne da yaro ke karantawa kullum ba tare da an tilasta shi ba, kuma abin da ƙofar ƙanƙara ke koya wa ɗan Yendi shi ne cewa kyau da biki suna zaune a wata ƙasa mai nisa, nasa garin kuwa ƙura ce kawai. Abin takaicin shi ne wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi ƙwarewa a adon bango a Afirka ta Yamma. Matan Sirigu, a jiha ɗaya da Bawku, suna zana gidajensu da jar ƙasa da baƙa da fara, kuma irin wannan zanen ne ya ƙawata cikin tsohuwar majami'ar laka ta Navrongo da aka gina a 1920, inda siffofin Kiristanci suka zauna cikin zanen gargajiya ba tare da ɗayan ya kori ɗaya ba. A tsallaken iyaka, a Burkina Faso, yara kan gina ƙananan ɗakunan Kirsimeti da tubalin laka a ƙofar gida. A kudancin Ghana an san bukkar Buronya ta ganyen kwakwa da yara ke haɗawa. Mu Hausawa muna da zayyanar allo ranar saukar Alƙur'ani, da zanen dagi a goshin soro irin na Zariya da Damagaram. Wanda ya gaji wannan duka ya je yana yanka barewar da bai taɓa gani ba, ya tabbatar da maganar magabata cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai iyayen da za su ce a rufe babin baki ɗaya, domin adon Kirsimeti koyi ne da wani addini, kuma yaro Musulmi ba shi da rabo a ciki. Wannan damuwa ba ta banza ba ce, kuma ba daidai ba ne a yi ta waƙar haƙurin addini na Ghana kamar babu tabo. A 2021 ƙasar ta ɗauki zafi lokacin da makarantar 'yan mata ta Wesley a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma azumin Ramadan, kafin nan kuma an sha jayayya kan hijabi da tilasta addu'ar safe a makarantun mishan. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun haura kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kusan kashi 20, kuma wanda yake ƙarami a lissafi yana da haƙƙin ya yi hattara. Sai dai a Yendi da Salaga lissafin ya juye: ɗan Kirista ne ƙarami a aji. Adalcin da Musulmi ke nema a Cape Coast shi ne ake bin su a Yendi. Idan ƙofar aji ta ɗauki zanen doki da kalangu a watan bikin Damba, ta ɗauki wutar bikin Bugum a Muharram, ta ɗauki rago da jinjirin wata da sallah, to ranar da yaran Kirista suka zana tauraro da makiyaya a Disamba ba a ƙwaci komai daga kowa ba, matuƙar ba a tilasta wa wani yaro zana abin da gidansu bai yarda da shi ba. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga majami'ar Katolika ta Christ the King a Akara a 2019 yana da shekara ɗari, ya fito da rawaninsa da addininsa.

Bawku ce kaɗai inda dole in sassauta. A can rabuwar ba ta masallaci da coci ba ce, ta sarauta ce tsakanin Kusasi da Mamprusi, kuma tun ƙarshen 2021 garin ke fama da dokar hana fita da rasa rayuka. A irin wannan wuri biki ma tuta ne: zanen Samanpiid na Kusasi ko na Damba a ƙofar aji zai iya zama magana da malami bai yi niyyar faɗa ba. Nan hikimar Amurka ta ƙofar da ba ta ɗauki ɓangare ba tana da amfani, amma ko a nan ba sai an nemo ƙanƙara ba. Albasar Bawku da geronta da zabinta da jakunan kasuwarta na kowa ne.

Batun kuɗi ba hujja ba ce ta barin abin. Malamin Amurka daga aljihunsa yake sayen yawancin kayan adon, har a 2022 hukumar haraji ta yarda ya cire dala 300 a shekara saboda irin wannan kashe-kashe; malamin Salaga ba shi da wannan, kuma ɗan kuɗin da gwamnati ke ba makarantu bisa yawan ɗalibai tun 2005 alli da rajista sun fi buƙatarsa. Amma jar ƙasa da gawayi da farar ƙasa da karan dawa kyauta ne, kuma iskar hunturu ba ta ɗaga su. Ina kira ga shugabannin makarantu a Salaga da Yendi da Bawku su ba kowane aji ƙofarsa, su gayyato tsofaffin mata masu zanen bango da alarammomi masu zayyana su nuna wa yara hannu, a fara da Disamba mai zuwa, a sake sabon zane idan azumi ya zo.