Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Rumbu: Kimiyyar Sinadaran Rayuwa da Manoman Karaye da Rogo

A shekarar 1960, talotalo sama da 100,000 suka mutu a gonakin kaji na Ingila. Bincike ya kai masana ga tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil, inda suka gano guba da wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ke fitarwa. Aka raɗa mata suna afalatoksin. Labarin ya shafi Kano kai tsaye, domin a lokacin dalar gyaɗa ce arzikin Arewa, kuma ƙauyuka irin na Karaye da Rogo na cikin masu cika buhunan da ake jera ta da su.

Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da kimiyyar sinadaran rayuwa, wato bayokemistiri, ta fara kafa ƙafa a Nijeriya. Farfesa Olumbe Bassir, wanda ya taso a Saliyo, ya zo Ibadan, ya assasa sashen wannan fanni a jami'ar, kuma afalatoksin na cikin abubuwan da ya fi nazari a kai. Daga baya sassan bayokemistiri suka bunƙasa a Zariya da Kano da Sakkwato, har ya zama da wuya a sami babbar jami'a a ƙasar da ba ta yaye ɗalibai a fannin.

Abin da wannan ilimi ya bayyana yana da nauyi. Idan afalatoksin ta shiga jiki, hanta kan yi ƙoƙarin sarrafa ta, amma a cikin haka sai ta mayar da ita wani sinadari da ke manne wa DNA, ya ɓata ƙwayar gadon nan ta p53 wadda aikinta shi ne hana ƙwayoyin jiki yaɗuwa barkatai. Sakamakon na iya zama ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Gubar ba ta da ɗanɗano, dafuwa ko suya ba sa kawar da ita. Manomin da fari ya riske shi a ƙarshen damina, ya shanya gyaɗa ko masara a kan tsurar ƙasa, ya zuba a rumbu da sauran danshi, shi ya fi shiga hatsari. Sau da yawa ma mai kyan ce ke zuwa kasuwa, ragowar ta koma ƙuli-ƙuli da kunun yara.

Maganin ma daga ƙasar noma ya fito. Cibiyar IITA ta Ibadan, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, ta tace nau'o'i huɗu na wannan funfuna daga ƙasar Nijeriya waɗanda ba sa fitar da guba. Ana lulluɓe ƙwayar dawa da su, a watsa kilo 10 a kowace hekta makonni biyu zuwa uku kafin fure, su riga masu gubar mamaye gonar. Wannan shi ne Aflasafe.

Mataki na gaba ya shafi wake, amfanin da Nijeriya ta fi kowace ƙasa nomawa. A Disambar 2019 aka saki irin SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samar a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An sanya masa ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ke sa shukar ta yi furotin da ke huda hanjin tsutsar Maruca mai cin fure da kwanson wake. Masu binciken sun ce feshi biyu ya isa, maimakon shida zuwa takwas. Muhawara a kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta ta kai har Majalisar Wakilai a 2024, kuma tambayoyin da ake yi game da mallakar iri da sa ido a kan lafiya sun cancanci amsa da hujja.

Sai dai nasarar ɗakin gwaji ba ta kai rumbu da kanta. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin wanda ake zubawa lokacin ajiya. Sabon iri ba ya magance wannan. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu, shi ne ke yi. A Maris na 2020 kuwa, ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi da ke Ede ya fitar da cikakken tsarin ƙwayar cutar korona na farko a Afirka. Ƙasar da ta iya wannan ba ƙwarewa ta rasa ba.

Giɓin yana tsakanin masani da manomi. Karaye na da madatsar ruwan Challawa tun 1992, ga noman rani, ga hanya zuwa Jami'ar Bayero mai Cibiyar Noman Busassun Yankuna. Abin da ya rage mai sauƙin lissafi ne: kayan gwajin afalatoksin a ranar kasuwa, malaman gona da suka fahimci abin da suke koyarwa, tamfal na shanya, rigakafin ciwon hanta ga jarirai, da farashi mafi tsoka ga hatsin da aka tabbatar da tsabtarsa. Muddin buhu mai guba da marar guba kuɗinsu ɗaya ne, manomi ba shi da dalilin kashe sisi a kan Aflasafe. Ɗaliban bayokemistiri da ke zaune da takardun digiri a Kano su ne suka fi dacewa da wannan aiki, idan ƙananan hukumomi da 'yan kasuwar hatsi za su ɗauke su.