Kalmar "Canji" a Bakin Bahaushe

Daga cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi, da wuya a sami wadda ta shiga rayuwar talaka kamar "canji". Asalinta ita ce "change", wadda Ingilishi ma aro ta ya yi daga tsohon Faransanci. A wurin Bature tana nufin sauyin hali ko yanayi, tana nufin ƙananan kuɗi, tana kuma nufin ragowar kuɗin da ake mayar wa mai saye. Bahaushe ya karɓi ma'anonin nan duka, har ya ƙera mata aikatau, wato "canza" ko "canja", alhali yana da "sauya" da "musanya" tun fil azal.

A dubi wani dattijo mai tireda a Fagge ta Kano. Tun yana yaron shago kalmar take bin sa. Da fari abin da ya sani kawai shi ne, "Yaro, kawo canjina." A 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama. A farkon 1973 aka yi canjin kuɗi, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya ya zama naira 2. Ya daɗe yana lissafi da sule a zuci kafin ya faɗi farashi da baki. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun kuɗi, ta ba da kwanaki ƙalilan a kai tsofaffi banki. Wanda ya makara, abin da ya tara ya zama takarda. Can kuma a Wapa, kusa da shagonsa, 'yan canji na musayar naira da dala da riyal da sefa, nan ma kalmar ta zama sunan sana'a.

A zaɓen 2015 sai ta koma kirarin siyasa, ana ɗaga tsintsiya ana cewa "Canji!" Dattijon ya bi layi da zumuɗi, domin a ransa ma'anarta sauƙi. Amma a farkon 2023, bayan sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi ƙaranci, ya wuni a shago ba ciniki, domin ba shi da canjin da zai ba mai saye. Ma'anar farko da ta ƙarshe suka haɗu a aljihunsa.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, ƙamus zai iya fassara "canji" da "sauyi" ya wuce, amma ba ɗaya suke ba. Ana cewa sauyin yanayi, ba a cewa mai shago ya ba da sauyi. Galibi "canji" ta fi manne wa kuɗi da hukuma, wato abin da ake yankewa a sama ya sauko kan mutane. Shi ya sa idan dattijon nan ya ji an ce za a yi canji, kafin ya yi murna yakan tambaya: "Na wane ne, kuma wa zai biya?"