Kafin ka zagi 'yan fim, leƙa bayan sifikar ka

Ba ƙaramin zagi 'yan fim ke sha a bakin 'yan kallo ba a kan batun sauti. Da zarar waƙa ta fito ba armashi, sai ka ji an ce, "Ai 'yan Kano ba su iya ɗaukar murya ba." To amma wani lokacin laifin ya na nan cikin ɗakin mai kallon.

Abin da ya faru da wani matashin tela kenan a unguwar Nasarawa da ke Birnin Kebbi. Yaron nan mayen fim ne. Tun daga tsofaffi irin su 'Sangaya' da 'Wasila' har zuwa 'Labarina' na Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a 2020, babu wanda ya wuce shi. Wata biyar ya yi ya na zubin adashi, ya sayi amfilifaya da sifiku biyu na hannu, ya jona da talabijin ɗin sa. Da ya kunna, ƙara kam akwai, amma gangar waƙa ta ɓace, muryar jarumai kuma kamar daga cikin rijiya. Har ya yanke shawarar cin bashi ya ƙaro sifiku.

Allah ya taimake shi, kawun sa mai gyaran rediyo ya zo daga Argungu. Ya leƙa baya, ya yi dariya, ya ce, "Wanga yaro, wa ya ɗaura maka wayoyin ga?"

"Ni ne, Kawu."

Ashe kowace sifika baki biyu gare ta, ja da baƙi, haka ma amfilifaya. Shi kuwa ya juya wayar sifika ɗaya. Don haka idan fatar wannan ta turo waje, ta waccan sai ta ja ciki, gangar ɗaya ta cinye ta ɗaya. Kawu ya kashe wuta tukuna, ya mayar da ja ga ja, baƙi ga baƙi, ya murɗe bakin wayoyin sosai, domin sili ɗaya idan ya taɓa ɗan'uwan sa ya isa ya ƙona amfilifaya. Ana kunnawa ganga ta dawo, magana ta fito tangaran.

Batun ƙaro sifiku kuwa, Kawu ya hana. An rubuta om 8 a bayan kowace. Idan aka cusa biyu a baki ɗaya sai su koma om 4, uku kuwa ƙasa da 3, kuma amfilifayar da ba a ƙera ta don wannan nauyin ba zafi za ta yi ta mutu.

Saboda haka, mai karatu, duba wayoyin ka, ka raba sifikun dama da hagu da talabijin, ka kuma rage ƙara saboda haƙƙin maƙwabta. Idan ka yi duk wannan sauti bai gyaru ba, to sai ka rubuto ka kai ƙarar furodusa!